Maitari Ya Yi Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, takaici kuma ya ƙarasa abin da ya rage, iyalan Malam Lawan Maje na Gyaɗi-Gyaɗi suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar babur ɗinsu, wanda aka fi sani da Maitari. Ya rasu ranar Talata, daidai kiran sallar azahar, a bakin rumfar wani mai walda da ke Tarauni, bayan jinya ta wuni ɗaya da rabi. Ya bar duniya yana da shekara sha tara a hannun mai shi.

Marigayin ya yi rayuwa ta rufin asiri. Bai taɓa shan mai fiye da ƙima ba. Bugu biyu yake tashi, in damina ce uku, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kunyata Malam Lawan a gaban surukai ba. Ya ɗauki buhun masara, ya ɗauki ragon layya yana harbe-harbe, ya kai matar gidan, Kubura, awon ciki har sau huɗu ba tare da ya faɗa rami da ita ba. Ramukan da ke tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku kuwa ya san su ɗaya bayan ɗaya, har wanda aka cike da ɓaraguzai bara ya sake buɗewa bana.

Aibinsa ɗaya ne, kuma daga nan ya samo suna. Ƙusoshi biyu masu zare ne ke riƙe wuyan salansa, wato bututun hayaƙi, a jikin kan injin. Shekara tara da suka wuce ta hagu ta karye, Malam Lawan ya ɗaure wurin da waya, ya ce zuwa Asabar zai kai gyara. Asabar ɗin ba ta zo ba. Tun daga ranar iska ke tsira ta gefen, muryar marigayin ta koma wata iri: fat-fat-fat, ya ɗan yi shiru kamar mai haɗiyar yawu, sannan ya saki khoho! Duk Kano babu babur mai wannan tarin.

A nan ne ya kamata mai karatu ya san Inna Uwani, mahaifiyar Malam Lawan, wadda ke zaune a Unguwa Uku wurin ƙanwarsa Nafisa. Idonta ya tafi tun da jimawa, kuma a 'yan shekarun nan tsufa ya fara kwashe mata sunaye da muryoyi. Wani lokaci ta kira Nafisa da sunan yayarta da ta rasu. Muryar ɗanta ma ta ɓace mata. Amma kullum da hantsi, da zarar Maitari ya karyo kwanar layinsu, sai ta ɗaga kai daga tabarma ta ce, "Ga Lawan nan. A ɗora masa shayi." Daga hannunsa kaɗai take karɓar maganin hawan jini. Ko likita ne ya miƙo sai ta kulle baki.

Ciwon ajali ya faro ne daga gaisuwa. Ranar Lahadi bayan sallar asuba, maƙwabcinsu Alhaji Mu'azu ya riƙe hannun Malam Lawan a ƙofar masallaci, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan cikin murmushi ya ce, "Malam, wannan babur naka kuwa ba ya buƙatar ganin likita? Jikokina sun daina buƙatar agogo." Mutanen da ke neman takalmansu suka yi dariya. Da zagi ne da Malam Lawan ya shanye ya wuce. Amma wasa ne a gaban jama'a, kuma shi mutum ne mai kunya, har kunyar ta yi masa yawa. Litinin, yana dawowa daga wurin Inna, ya zarce rumfar Murtala bakanike.

A yi wa Murtala adalci, ya faɗi gaskiya tun farko. Ya tsuguna, ya kwance wayar, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Baba, tsatsa ta riga ta zama 'yar gida a nan. Ka bar min shi in jiƙa wurin da man birki ya kwana biyu. Jibi sai mu lallaɓa."

"Jibi? To gobe da me zan je Unguwa Uku? Kai dai taɓa shi yanzu, Allah zai taimaka."

Murtala ya taɓa. Ya ɗora sifana a kan notin dama, wanda shekara tara shi kaɗai yake ɗauke da nauyin mutum biyu, ya ja a hankali. Noti ya ƙi. Nan fa masu zaman rumfa suka miƙe, don a rumfar gyara ba a rasa mutum biyar da ba su taɓa riƙe sifana ba amma sun fi mai rumfar sani. Wannan ya ce a zuba lemon kwalba, wancan ya ce kalanzir, wani mai sayar da rake ya rantse cewa a garinsu bututu ake zura wa sifana a ƙara mata tsawo. Shawarar mai rake aka bi. Aka ji ƙas! Noti ya faɗo ƙasa da rabin ƙusa a cikinsa, ɗaya rabin ya zauna daram a cikin kan injin, daidai da fuskar ƙarfe, babu ko abin da farce zai kama.

An shigo da karyayya ɗaya, yanzu sun zama biyu. Filaya ta kama iska. Aka sa kurfi, ƙarfen nan mai tsini, da guduma ana bugun gefen guntun ko zai juya, ya ƙi. Aka aro injin huda, bakinsa ya zame ya ci gefen rami, da aka sake gwadawa ya karye a ciki. Mai rake dai tun ƙarar farko ya tura baronsa ya yi gaba, ko sallama bai yi ba.

Ranar Talata, karo na farko cikin shekaru, hantsi ya yi a Unguwa Uku babu tari. Nafisa ta bugo waya sau uku. Malam Lawan na can yana tura marigayin zuwa Tarauni, gumi har cikin takalmi, wurin Kabiru mai walda, wanda aka ce hannunsa ba ya kuskure. Kuma ba a yi masa ƙarya ba. Ya ɗora sabon noti a kan guntun hagu, ya cika tsakiyarsa da walda, ya bari ya huce, ya sa sifana. Guntun da ya shekara tara a maƙale ya fito yana kuka ƙiii, ƙiii. Malam Lawan ya yi hamdala da ƙarfi har masu wucewa suka waiwayo.

Saura ɗaya. Kabiru ya liƙa noti na biyu, ya daɗe yana ba shi wuta saboda bakin injin hudar da ya karye a ciki, har wurin ya yi ja. Sai aka kira salla. Ya ajiye kayan aiki ya ce, "Baba, kada kowa ya taɓa. Ya huce da kansa. Mu je mu dawo."

Iyalan suna roƙon a karanta abin da ke biye da tausayi. Malam Lawan ya ɗauki buta zai yi alwala. Ya juyo ya ga abokin tafiyarsa na shekara sha tara a tsakiyar rana, wuya jajir, hayaƙi na tashi. Mutum ne da bai iya ganin akuya a rana bai matsar da ita inuwa ba. Bai yi shawara da kowa ba, a wannan karon ma babu mai ba shi. Ya karkata butar, ya tsiyaya ruwan randa mai sanyi a kan wurin, yana cewa sannu.

Kalaman marigayin na ƙarshe su ne: tsssss, sannan tas.

Kan injin ya tsage tun daga ramin ƙusa har ramin fulogi. Da Kabiru ya dawo daga masallaci ya duba tsagar, ya duba butar, ya duba Malam Lawan, sai ya zauna a kan benci ya cire hula. An zaga kasuwar Ƙofar Ruwa kwana biyu ana neman irin wannan kan injin, duk inda aka nuna sai a ce an daina kawo shi tun tuni. Ko da an samu ma, lafiyayye za a samu, mai murya irin ta kowa.

Abin da ke cin Malam Lawan ba ƙarfen ba ne. Ranar Laraba ya sauka daga Adaidaita Sahu, ya yi sallama, ya durƙusa gaban tabarma da magani a tafin hannu.

"Inna, ni ne. Lawan."

"Lawan ba ya zuwa shiru," in ji ta, ta juya fuska bango. "Nafisa, ba baƙon nan ruwa ya tafi."

Kwana uku ƙwayar magani ba ta wuce leɓenta ba, ƙafafunta suka fara kumbura. Shi kuwa ba ya iya haɗa ido da buta.

Marigayin ya bar mai shi, da uwargida Kubura, da madubi ɗaya, da hular kwano da ba a taɓa sawa ba, da sababbin ƙusoshi biyu da aka saya don gyaran, suna cikin leda, waɗanda ba su samu shiga ɗakinsu ba. Ya kuma bar Alhaji Mu'azu, wanda jikokinsa suka makara makaranta sau biyu a wannan makon.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, lokacin da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da kura su ɗauke shi daga ƙofar gida. Ba za a yi masa salla ba, liman ya riga ya yi bayani. Salansa da wayar ɗaurin za su zauna a gida. Ana karɓar gaisuwa a zaure, amma duk wanda ta'aziyyarsa za ta fara da "ai da ka" ya riƙe abarsa. Mai rake kada ya zo.

Roƙo na ƙarshe ga mutanen Unguwa Uku: in kun ga dattijo mai furfura ya tsaya a kwanar layi da hantsi, ya kumbura kumatu yana fat-fat-fat da baki, ya yi shiru, sannan ya saki khoho, ku wuce abinku, kada a tara masa jama'a. Jiya ne ya fara. Inna ta ɗaga kai daga tabarma, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Ga Lawan nan. Amma babur ɗin nan ba shi da lafiya, a ce masa kada ya bari kowa ya taɓa shi. A ɗora masa shayi."

Ta sha maganin.