Rasuwar Gagara-Gafiya, Tayar Ƙasan Ƙofar Gareji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ɗoyi, Malama Nazifa Hodi ta unguwar Gesse a Birnin Kebbi, wadda kawunta Munzali ya umarta da ta jefar da gawar a bola ta ja bakinta ta yi shiru, ita kuma ta ce shirun ne ba ta yi, tana sanar da dangi da maƙwabta rasuwar amintacciyarta Gagara-Gafiya, tsagin tayar da ya toshe ƙasan ƙofar garejin gidansu damina uku cur. Ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan jinyar da ba ta da kyan gani.

Marigayiya ta yi ƙuruciyarta a ƙafar tifa, tana jigilar yashi tsakanin Argungu da Birni, har zanen bayanta ya shafe. Ta yi ritaya a rumfar Olumide mai faci a unguwar Nasarawa, kuma a can Nazifa ta same ta.

Wanda bai san garejin ba ba zai san girman aikinta ba. A kan gangare aka gina gidan. Ƙofar ƙarfe ce, miƙaƙƙiya sambal, ƙasa kuwa ta zame ta nufi kwata. Ta gabas ratar da ke tsakaninsu yatsa biyu ce, ta yamma taƙi guda har da ɗori, kyanwa ma sai ta wuce ba ta sunkuya ba. A cikin garejin nan Nazifa ke ajiye irin shinkafar da ta tsince zangarniya bayan zangarniya a fadamar mahaifinta, Allah ya jiƙansa, daga tsirran da ambaliya ta kwana a kansu ba su mutu ba. Wani kafinta ya taɓa buga katako, ya toshe gabas ya bar yamma a wangale. Buhunan yashi sun fashe, tsumma ya zama gidan kyankyasai. Sai Nazifa ta jingina tsagin tayar a jikin ƙofa, ta ɗaure alli a kan guntun itace, ta ja shi a ƙasa daga wannan kusurwa zuwa waccan, allin ya kwafe karkatar ƙasar a jikin roba. A kan layin ta yanka. Mai walda ya huda ƙofar, aka ɗaure marigayiya da noti tara, siririya ta gabas, faffaɗa ta yamma. Mazan layin da suka taru kallon 'yar boko da wuƙa sun watse ba wanda ya yi sallama.

Ta kasance mai haƙuri da kawaici. Ruwan kwata ya zo da ledoji da kashin awaki da abin da ba a faɗa a takarda, ta tare. Kwaɗi sun yi layi, ta hana. Ba ta taɓa neman fenti ba. Maganarta biyu ce a duniya: in an buɗe ƙofa ta ce “shaaaf”, in rani ya busar da ita ta ce “ƙiiii”.

Wannan “ƙiiii” ce ajalinta. Gwaggo Hanifa, ƙanwar mahaifin Nazifa, ta zo daga Argungu da kwandon kifi za ta yi wata guda, kukan ya hana ta barcin rana. Da yake a gidansu duk abin da ya yi ƙara mai ake ba shi, sai ta riƙa juye wa marigayiya sauran man suyar kifi, kullum bayan azahar, har mako uku, ba ta gaya wa kowa ba. Kuka ya tsaya. Roba ta jiƙe, ta yi laushi, ta ɗauki ƙarni. Gafiyoyin da suka shekara uku suna shinshinar taya suna komawa da yunwa suka tarar an soya musu ita.

Ta yamma suka fara, inda ta fi nama. Ruwan ranar Talata ya bi ta ɓarakar ya shiga, baƙi ƙirin, yana kumfa. Da Nazifa ta buɗe ƙofa washegari, marigayiya ba ta ce “shaaaf” ba. Ta zube gida biyu, tana yauƙi. A bayan buhuna akwai wata gafiya da ta ci ta ƙoshi ta mutu a wurin, ta kumbura, tsutsa na fita ta kunnenta. An ƙirga kwaɗi goma sha bakwai, ɗaya yana zaune a cikin mudun awo kamar shi ya saya. Nazifa ta yi amai sau biyu, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta ɗauki shebur.

Gwaggo ta leƙo daga nesa ta ce, “Yo ni taimako niy yi, ɗiyata. Wa as san ɓera na cin taya?”

Kawu Munzali ya iso da la'asar, ya tsaya a bakin titi saboda wari. “Ke Nazifa, isa haka. Kwashe buhunnan ga ki kai sito nau Argungu, a zuba cikin sauran. Shinkafa dai shinkafa ta.”

“Kawu, in an gauraya ta, wahalar damina ukku ta tashi banza. Ba ni kai ta.”

“To ki ci bokonki. Injin ban-ruwa na kuma ki manta da shi bana.”

“Na jiya, Kawu. Allah shi huci zuciyarka.”

Marigayiya ta rasu ta bar noti tara, biyu sun yi tsatsa, da 'yar'uwarta ta ciki ɗaya, wato ɗaya tsagin tayar, da aka yanka takalma aka watsa a kasuwa. Ta kuma bar ratar, tana nan yadda take, baki buɗe.

Za a yi rakiyarta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Ba za a yi mata wanka ba, an gwada da omo har sau uku, ƙarnin ya ƙi fita. Ba za a ƙone ta ba don tausayin maƙwabta. Za a ɗauke ta a baro daga ƙofar gareji zuwa bolar bayan layi, Nazifa da kanta za ta tura. Masu zuwa ta'aziyya su zo da takunkumi da tsintsiya, kada kowa ya zo da kifi. Wanda ke da tsohuwar tayar tifa ya kai rumfar Olumide kafin Juma'a.

Kawu Munzali ya aiko cewa ba zai halarta ba. Cikin buhu bakwai, uku sun ruɓe. Huɗun da suka tsira suna nan a kan benci a garejin, ba a gauraya su da komai ba, kuma Nazifa za ta shuka su da rani ba inji, da guga za ta yi ban-ruwa.