Rasuwar Maigadi, Rautar Layin Arawa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da gwiwoyin da suka gaji da durƙuso a ƙarƙashin tebur, ni Wakil Ba'ana, mai shagon intanet a layin shagunan bakin titi na Arawa, cikin garin Gombe, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Maigadi, akwatin rauta da ya yi mana hidima shekara goma sha wani abu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan kantarsa, bayan doguwar jinya. Na jinkirta wannan sanarwa ina jira ko wani a layin zai lura da kansa. Ba wanda ya lura, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, baƙin akwati ne na ƙarfe, faɗinsa bai wuce tiren shayi ba, da jerin ƙananan fitilu a goshi. Aikinsa biyu ne. Intanet ɗin da nake saye daga kamfani shi yake raba wa shagunan layinmu, kowa da rabonsa. Shi ne kuma mai tsaron ƙofa, abin da masu boko ke kira fayawol, ya hana ɓarayin yanar gizo leƙo mana ɗaki. Don wannan aka ƙera shi, kuma bai taɓa sha'awar wata sana'a ba. Ba ya buga takarda, ba ya kunna waƙa, ba a taɓa kama shi yana kallon ƙwallo ba.

A Maiduguri na saye shi, lokacin ina da shago a can. Shekarar da rikici ya taso mu, mai ɗakina Ya Bawa ta naɗe shi cikin zaninta ta rungume shi a mota har Gombe, ta bar kwanukan aurenta a baya saboda babu wuri. Har yau in muka saɓa sai ta tuna mini. Da shi na sake kafa ƙafa a garin nan, a lokacin da ban san kowa ba, kuma ta dalilinsa mutanen Arawa suka san sunana.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha zafin bazarar Gombe ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, ya sha ɗaukewar wuta da dawowarta, ya sha hayaƙin janaretan maƙwabta. Mai adalci ne, bai taɓa fifita shagon mai shi a kan na wani ba, ko da na so ya fifita. Ba shi da surutu. In aka kunna shi sai ya ce "ɗit, ɗit", ya yi shiru kamar mai tunani, sannan fankarsa ta ɗauka, "fuuu", har a tashi. Wannan "fuuu" ɗin na saba da shi har ba na jinsa, sai yanzu da babu shi yake damuna.

Ya kamata in faɗi matsayina a wurinsa, don a gane girman rashin. Ni ban yi karatun kwamfuta ba. Wani injiniya ne ya saita shi tun farko, ya nuna mini abu biyu, karanta fitilu da kashewa a kunna. In kore ta tsaya, lafiya. In mai launin ruwan lemo ta fito, a kashe, a ɗan jira, a kunna. Ilimina ke nan kaf, kuma da shi na ciyar da gida na biya kuɗin makaranta. In netwok ya tsaya a layin nan, ni ake kira, in taso ko ina cin abinci, in durƙusa, in danna, in fito ana ce mini sannu Injiniya. Na daɗe da sanin cewa da ni da akwatin nan igiya ɗaya ta ɗaure mu, ranar da ya faɗi nawa aikin ma ya faɗi.

Jinyarsa ta fara ne daga nesa. Kamfanin da ya ƙera shi ya sanar cewa irinsa sun tsufa, ya daina aiko musu da sabunta manhaja, wato maganin da ke toshe ramukan da ɓarayi ke ganowa. Kuma a rufe aka yi shi, ba mai ikon buɗe cikin manhajarsa ya gyara sai su, su kuma sun juya baya. Sannan jiki ya biyo. Ya fara zafi, ya fara suma da rana tsaka, "fuuu" ta koma "ƙirrr". Na ɗora shi a kan bulo biyu don iska ta ratsa, na saya masa ƙaramar fanka, na hana a ajiye masa komai a ka.

A kan gadon jinyar nan mutane biyu suka sa ni a tsakiya. Ɗaya Desmond ne, mai sayar da kayan netwok a Kasuwar Gombe, abokin cinikina na shekaru. Shi ɗan ɗariƙar akwati ne, a wurinsa akwati sai akwati ya gaje shi, a sayi sabo mai garanti a huta. Ɗaya kuma 'yata ce Humaira, wadda ta karanta kwamfuta da kuɗin da marigayin ya tara. Ita cewa take a ɗauki tsohuwar kwamfutar da ke bayan kwalaye, a ƙara mata ramin soka wayar netwok, a ɗora mata buɗaɗɗiyar manhaja irin ta Linux, wadda kowa ke iya duba cikinta ya gyara, kyauta, ta yi duk aikin Maigadi har da ƙari.

"Oga Wakil," in ji Desmond, "abu na kyauta, ba kamfani, ba lamba. Ranar da ya lalace, wa za ka kama?"

"Shi wannan mai kamfanin da ya lalace," in ji Humaira, "wa muka kama?"

Desmond ya ce kwamfuta tana shan wuta kamar raƙumi, akwati kuwa batir ƙarami ya ishe shi, kuma gaskiya ya faɗa. Humaira ta ce sabon akwatin ma wata rana za a juya masa baya a ce a sake saye, ita ma gaskiya ta faɗa. Ni na ƙi duka biyun. Na ce mata a'a ba sau ɗaya ba, na kawo dalilin wuta, na kawo dalilin ƙura, amma dalilin da ke raina shi ne na taɓa leƙa manhajar tata. Baƙin allo ne, rubutu yana ta gudu, ba kore ba ruwan lemo. Ban ga inda mutum irina zai danna ba.

Ranar Talatar da na ambata, na dawo daga gaisuwar wani maƙwabci na tarar da shago shiru. Fitilu duka a mace. Na kashe na kunna. Na canja wayar wuta. Na girgiza shi, abin da ban taɓa yi masa ba. Na yi salati, na zauna a ƙasa na ɗan lokaci, sannan na tashi na gyara hula na fita in ba mutane haƙuri, domin hakkin mai gawa ne ya sanar.

Na fara da Jummy mai POS. Ban gama buɗe baki ba na'urarta ta fitar da rasit, ta yage ta miƙa wa mai ciro kuɗi. "Lafiya, Baba Wakil? Ka ga fuskarka kuwa?" Na ce netwok fa? Ta ce yau ma ya fi na jiya gudu. Na wuce wurin Safiyanu mai fotokofi, na same shi yana sauke wa wasu ɗalibai sakamakon jarrabawa, har yana fito. Na bi layin nan daga farko har ƙarshe da ta'aziyya a bakina, ban samu wanda zan ba ba.

Na koma shago na durƙusa, na kama babbar wayar da ke shigowa daga waje na bi ta da hannu. Ba ta je wurin Maigadi ba. Ta bi ta bayan kwalaye ta shiga tsohuwar kwamfuta, wadda ke ta aiki a ɓoye an lulluɓe ta da buhu. Wayoyin da ke jikin marigayin kuwa, ɗaya ce ta fita daga raminsa na farko ta zaga ta dawo raminsa na ƙarshe, don dai fitila ta samu abin ƙiftawa.

Na kira Humaira. Ta zo a keke, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun bayan ƙaramar Salla, Baba."

"Duk kashewa da kunnawar da nake yi fa?"

"In ka kashe ka kunna, ni kuma ina gyarawa ta laftof daga gida." Sannan ta ce, "Wallahi ba raini ba ne. An fara shigo mana ta cikinsa, na gani da idona, ga kuɗin mutane suna bi ta layin nan. Na faɗa maka ka ce a'a. Na rasa yadda zan yi da kai da shi, sai na bar ku tare."

Ban yi faɗa ba. Na so in yi, na nemi ƙarfin na rasa. Abin da na ji kunya ce, irin wadda ke sa mutum ya ji nauyin hularsa, sannan gajiya ta sauko ta danne kunyar. Washegari Jummy ta shigo da kunun aya ta ce in yi haƙuri, su duka sun sani. Ashe tun farko Humaira ta bi su shago shago ta roƙe su, in netwok ya tsaya a kira Baba tukuna, sannan a tura mata saƙo. Watanni ke nan layi guda na manyan mutane masu iyali suna kirana in taso in danna mataccen maɓalli, suna ce mini sannu Injiniya. Har yanzu ban yanke ba ko wulaƙanci ne ko ƙauna. Ya Bawa ta ce ƙauna ce, kuma in daina zama kamar an yi mini sata.

Saboda haka, don gyara tarihi, marigayin ya yi ritaya tun bayan ƙaramar Salla ba tare da an gaya masa ba, kuma ya ci gaba da ƙifta fitilunsa da gaskiya da riƙon amana har numfashinsa na ƙarshe. Ban ga laifinsa ba. Ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, ko da ba a bukata.

Ya rasu ya bar adaftar jona wuta ɗaya, wadda ita ma ba lafiya gare ta ba, da bulo biyu, da ƙaramar fanka, da wayoyi masu yawa da suka riga suka koma gidan wani. Ya bar magajiya, tsohuwar kwamfuta, wadda na yi shekaru ina tokare ƙofa da ita kafin in tura ta bayan kwalaye, yanzu ita ke riƙe da layin Arawa. An ce da tsohuwar zuma ake magani, ban san har da wadda aka manta a bayan kwali ba. Ya bar Desmond, wanda ya zo gaisuwa da sabon akwati a leda, ya zauna ya ce Allah ya ba da haƙuri, kuma garantin shekara biyu ne. Ya bar ni.

Iyalan marigayin suna godiya ga duk wanda ya zo, suna kuma roƙon a daina muhawarar akwati da buɗaɗɗiyar manhaja a kan tabarmar makoki. Na ji ta ishe ni. Wanda ke da 'ya irin Humaira ya ɗauki manhaja, wanda ba shi da ita ya je wurin Desmond, kowa ya bar ni in sha iska. Haka kuma ina godiya ga shawarar da aka kawo ta a gyara fitilun marigayin kawai a mayar da shi kan kantarsa. Na gode, amma a'a. Sau ɗaya ya isa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Na tambayi limamin layinmu, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ya kuma tambaye ni ko ina samun barci. Don haka ranar Asabar da safe za a goge marigayin da busasshen tsumma, a naɗe shi, a ɗauke shi a keke daga Arawa zuwa wurin 'yan gwangwan. An roƙe su kada su ɗora shi a sikeli sai na juya baya. Desmond zai riƙe adafta. Ba a bukatar taro, kowa ya zauna a shagonsa, tunda netwok lafiya lau.

Bayan an dawo, a gaban Jummy da Safiyanu, zan miƙa wa Humaira mukullin shago, za a cire buhun da aka lulluɓe magajiya da shi a ɗora ta a kan kantar marigayin, inda kowa zai gan ta. Ta ce za ta koya mini baƙin allon a hankali. Na ce sai an share makoki, ba ta tambaye ni ranar ba, ni ma ban faɗa ba.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a bencin ƙofar shago, daga safe har la'asar, kowace rana. Alfarma ɗaya nake nema a wurin mutanen layi. Daga ranar Asabar, in netwok ya tsaya, a kira Humaira kai tsaye, kada wanda ya sake taso ni don a faranta mini. Lambata dai ba ta canja ba. Wanda ya ga dama ya kira mu gaisa, zan ɗauka.

Allah ya ba mu haƙurin abin da muka rasa, ya sa wa wadda ta gada albarka.

Sanarwa daga Wakil Ba'ana, Arawa, Gombe.