Ƙofar Motar Kawu Bawa

Ko da zan manta ranar da aka ɗaura min aure, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dattawan kara a ƙofar gidan Kawu Bawa don su ga yadda zan ci mutuncin wani malamin makaranta ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma babban abin haushin shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifin in huta. Na gwada ɗora wa mai gyaran mota, na gwada ɗora wa dabba, duk ya ƙi zama.

Kawu Bawa yayan mahaifiyata ne, fataucin shanu yake yi a Garwa. A kara yake saye, wato kasuwar shanu, a loda a manyan motoci zuwa Ngawundere, daga can jirgin ƙasa ya gangara da su kudu. Shekara shida ina rakiyar shanunsa, a zaune kan katako a saman mota, rana ta gasa ni, warin kashi ya bi ni har cikin masallaci. Sai a shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa ya kira ni zaure ya miƙa min makullin farar motarsa. Duk mai zuwa kara ya san ma'anar makullin nan: wanda Kawu ya damƙa wa shi, shi zai damƙa wa harkar gaba ɗaya ranar da ya gaji. Sharaɗi ɗaya tak ya kafa min.

"Kada tayarta ta taka cikin kara. A bakin titi ake ajiye ta, ka taka da ƙafarka kamar kowa."

Na ce to, Kawu.

Ya tafi Ngawundere zai yi mako biyu. Kwana uku da tafiyarsa na kutsa da ita har tsakiyar kara, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje. (Kada ka tambaye ni dalili. Mutumin da ya shekara shida a saman ƙahoni yana so a gan shi a kan kujera, shi ke nan.) Ina cikin gaisawa da mutane sai wani jan bijimi da ake ƙoƙarin lodawa ya tsinke igiya. Bai nufi kowa ba, bai nufi komai ba, sai ƙofar motar ta baya, hannun dama. Ji kake ƙwas! Ya soka ƙaho, ya zare, ya yi gaba abinsa, dillalai suka bi shi da ihu.

Ban tsaya sallama ba. Kai tsaye garejin Isiyaku na nufa, shi toliye ne, mai gyaran jikin mota. Ya duba ramin ya ce ƙofar sai an canza. Na ce ba ni da kuɗin ƙofa, kuɗin rufin asiri nake da shi. Ya cusa kwali a ramin, ya shafe da mastik, ƙullin nan da ake cike lotsar mota da shi, ya goge, ya fesa fenti. Wallahi ta yi kyau, in ba ka sani ba ba za ka gane ba. Na koma gida ina jin na fi kowa wayo a Garwa.

Bayan kwana takwas, da hantsi, na tsaya a mahaɗar hanyar babbar kasuwa ina jiran wata motar auduga ta wuce, sai na ji gam a bayana. Wata tsohuwar mota ce shuɗiya, mai tari kamar tana fama da asma. Na fito na duba: fitilar baya ta dama ta fashe, bamba ta ɗan lotsa. Sannan idona ya kai kan ƙofar. Girgizar ta tsaga mastik ɗin Isiyaku, tsagar ta yi zobe a tsakiyar ƙofa.

Da farko na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Daga baya kuma wani tunani ya zo min, irin wanda Shaiɗan ke kawowa da sauri kafin mutum ya yi a'uzu: ga wanda zai sayi sabuwar ƙofa Allah ya kawo har gida.

Direban ya fito, siriri, dogo, da farar riga mai gajeren hannu da alli a yatsunsa. Ya ce sunansa Hamadu, lissafi yake koyarwa a lise, wato sakandare, birkinsa ne ya yi masa gardama. Da Fillanci ya fara ba ni haƙuri, da ya ji na amsa da Hausa ya juya Hausa. Ya ce laifinsa ne, kada mu kira 'yan sanda su zo konsta, wato awon hatsari, su zana mana alli a titi mu wuni a rana, mu sasanta, zai biya abin da ya ɓata.

Mutum ya amsa laifi, ya ce zai biya. Me ya rage? Amma ni sai na ɗaga murya.

"Makaho ne kai? Ka san motar wa ka daka? Dubi ƙofa! Dubi yadda ka yi da ƙofa!"

Ya zagayo ya duba, ya koma ya duba gaban motarsa, ya sake dawowa.

"Ɗan'uwa, ta baya na buge ka. Ƙofar nan a gefe take."

"To ni na buge ta da kaina ke nan? Ƙarya nake yi?"

Ka ji fa. Ni da bakina na faɗi gaskiyar magana, amma da irin muryar da ta sa masu babur da suka taru suka hau ba shi laifi. Abin da har yau ke ba ni mamaki shi ne fushin nan ba na wasa ba ne. Idona har ya yi ja. Cikin minti biyar na yarda da ƙaryata har ina jin an zalunce ni.

Muka je wurin Isiyaku. Na riga shi shiga, na ƙifta wa mutumin ido. Isiyaku ya zagaya motar yana tsaki kamar bai taɓa ganinta ba (munafuki, ko kunya babu), ya rubuta takarda: fitila da bamba dubu ashirin da biyar, sabuwar ƙofa daga Duwala da fenti da kuɗin aiki dubu ɗari da sittin. Lokacin kuwa an zabge wa ma'aikata albashi, malamai da yawa sun koma noma da acaba. Mesiye Hamadu, kamar yadda ake kiran malamin, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ninke ta ya ce na sama ya yarda, na ƙasa bai yarda ba.

Kwana uku ina bin bawan Allahn nan. Na je makarantarsu na tsaya a bakin ƙofa ina ɗaga murya har mai gadi ya kore ni. Na tare shi a masallacin Juma'a. Na ce zan kai shi komisariya wurin 'yan sanda, na ce zan sa a kama motarsa, na ce masa malamin da ba ya iya taka birki ina zai iya koya wa 'ya'yan mutane lissafi. Shi kuwa kullum maganarsa ɗaya, a hankali, ko ɗaga ido ba ya yi: "Fitila da bamba nawa ne. Ƙofa ba tawa ba ce." Wannan sanyin nasa ya fi zagi ƙona min rai.

Ranar da Kawu ya dawo na riga kowa kai masa labari, da gishirina da barkonona. Na ce a kira malamin gaban manya a yi ta ta ƙare. Kuma don in tabbatar ya ji kunya sosai, ni da ƙafata na bi dattawan kara ɗaya bayan ɗaya na gayyato su. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mota a tsaye a gefe, mutum takwas ko tara a zaune, Malam Audu babban dillali a kusa da Kawu. Mesiye Hamadu ya zo shi kaɗai, ya cire takalmi, ya gaida kowa.

Na miƙe na yi jawabi. Tabɗi! Na ce tun da motar nan ta zo hannuna ko kaza ba ta taɓa goga ta ba. Na ce amana aka ba ni, kuma ba zan bari wani ya wulaƙanta amanar Kawu ba don yana jin Faransanci. Ina cikin zuba na lura dattawan nan duk sun sunkuyar da kai, wannan yana jan carbi, wancan yana ɓare goro. Na ɗauka maganata ce ta ratsa su. Har na ce a ɗauko Alƙur'ani.

"A'a," in ji Kawu. "Zauna tukuna."

Ya tashi ya nufi motar. Kawu bai san komai a kan inji ba, amma shekara arba'in yana shafa jikin shanu yana gano inda aka ɓoye masa ciwo. Yadda yake yi wa saniya haka ya yi wa ƙofar: ya bi ta da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya tsaya inda sautin ya canza, ya danna babban yatsa. Mastik ya ɓurma ciki. Ya jawo kwalin ya buɗe a gaban kowa, guntun kwalin sukari ne, har da rubutunsa. Ya zura yatsu biyu a ramin, ya juya su, ya duba tsatsar da ta fara ci a bakinsa.

Sannan ya juya wajen malamin, cikin ladabi ƙwarai.

"Malam, motar taka tana da ƙaho ne?"

"A'a, Alhaji."

"To, wannan suka ce, daga ƙasa ta shiga ta yi sama. Kuma ta kwana biyu." Ya dubi tabarma. "Audu, bijimin da ya yi wannan nawa ne ko na wani?"

Malam Audu ko ɗago kai bai yi ba. "Jan nan ne da aka kawo daga Tibati, Alhaji. Mu muka kama shi."

Jama'a, sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta dawo daga inda ta tafi. Mutanen da na bi gida-gida na gayyato su zama shaidu, su ne waɗanda suka bi bijimin da igiya ranar. Rabinsu a gabansu aka yi. Shiru kawai suka yi min irin na manya, suna jira in gaya wa Kawu da bakina, ni kuma fushi ya rufe min ido har na shimfiɗa musu tabarma. Zufa ta karyo min har cikin wando. Wani daga baya ya yi tari, irin tarin da ake danne dariya da shi.

Kawu bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ba malamin haƙuri, ya ce ko sisi kada ya biya, fitilar ma a bar ta. Mesiye Hamadu ya ce a'a. Ya zaro ambulan daga aljihu ya ajiye a gaban Kawu, ya ce abin da ya fasa shi zai gyara, tun ranar farko haka ya faɗa. Aka yi, aka yi, ya ƙi ɗauka.

Sai Kawu ya miƙo min hannu, tafin a sama. Na san abin da yake nema. Na ciro makullin na ɗora masa.

"Jibi akwai lodi," ya ce. "Katakonka yana nan inda ka bar shi."

Aka watse. Gidanmu yana can ƙarshen gari wajen gada, kuma don tsabar tabbacin da nake da shi cewa da mota zan koma, ko kuɗin babur ban riƙo ba. Na kama hanya a ƙafa, ina zagin Isiyaku, ina zagin bijimi, ina zagin Malam Audu da carbinsa. Ban yi nisa ba na ji tari a bayana. Shuɗiyar motar ce. Ya tsaya, ya miƙa hannu ya buɗe min ƙofa daga ciki.

Na so in ce a'a, wallahi na so. Amma zafin Garwa ba ya barin mutum da girman kai. Na shiga. Har muka isa unguwarmu bai ce min komai ba sai "dama ko hagu?" Ni kuma na ƙura wa titi ido kamar an ba ni aikin ƙirga ramukansa. Da zan sauka na tattaro abin da ya rage min na murya na ce ya yafe min. Ya ce ba komai, ya wuce. Na kama ƙofar zan rufe, sai ya ɗaga hannu.

"A hankali, ɗan'uwa. Ita ma mastik ce."

Shekara huɗu na ƙara a saman katako kafin Kawu ya sake yarda in riƙe masa ko da makullin sito. Abin da na koya bai da yawa, amma da tsada na saye shi: duk ranar da na ji muryata ta fi ta kowa tashi a wurin rigima, sai in yi shiru in tambayi kaina me na cusa wa kwali.