Man Faransa na Mushe Jatau

Wani mutum ne a unguwarmu ta Ƙofar Sauri a Katsina, ana ce masa Jatau. Sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Fari ne sol, kamar an wanke shi da nono. Farin nan shi ne jarinsa, shi ne gonarsa. In ya zauna a bencin Sabi'u mai shayi, sai ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, wai zafi yake ji, ko da kuwa ana tsuga ruwan sama.

Ana nan sai ubangidansa, wani Alhaji mai fataucin ƙiraga, ya tafi hutu Faransa da iyalinsa, ya ɗauki Jatau riƙon jaka. Ba su wani daɗe ba suka dawo. Alhaji ya dawo yadda ya tafi. Jatau kuwa ya dawo ya manta Hausa.

Ya nuna burodi da ɗan yatsa. "Yaya ma kuke ce wa wannan abin?"

Sabi'u ya ce, "Sunansa bai canja ba, Jatau. Shi bai je Faransa ba."

"Ka daina ce mini Jatau gatsal. Can Misiye ake ce mini."

"Mushe?"

"Misiye!"

"To ai abin da na faɗa ke nan. Mutanen Maraɗi ma haka suke faɗa."

Suna ya bi shi kamar kaska. Kafin la'asar har masu tallan gyaɗa Mushe Jatau suke cewa. Allah ya ji ƙan Sabi'u. Tun da ya tafi shayin unguwar bai ƙara daɗi ba, dariya ma sai an nemo ta.

To, Mushe bai dawo hannu rabbana ba. Ana gobe za su taso, ya ga wani kwando a ƙofar wani kantin magani, an tara mayukan shafawa an karya musu farashi, don lokacin zafinsu ya ƙare. Ya cika bakko taf. Amma a bakinsa, kantin matan ministoci ne.

"Ƙofar ma da kanta take buɗewa in ta ga babban mutum. Ina isa, fuuu, ta dare biyu!"

Gaskiya ɗaya ce, kayan ba su da laifi. Man leɓe, man kaushi, sabulu mai ƙamshin fure, duk matar da ta samu sai ta yaba. Amma akwai wasu kwalabe biyu na roba masu hoton rana da wata Baturiya tana murmushi. Waɗannan ya ɓoye a ƙasan akwati, ya ce ba na talakawa ba ne.

Dalili kuwa, yana neman auren wata yarinya, Lantana. Ƙanwar babanta, Gwaggo Indo, ita ta riƙe ta, kuma wuƙa da nama suna hannunta. Ta daɗe tana ja masa rai. Daga ƙarshe ta ce ɗan'uwansu Kawu Nomau zai zo daga Maraɗi ran Asabar ya ga yaron da idonsa, in ya gamsu a sa rana. Ita ma Gwaggo fara ce, irin farin da aka yi yayi a zamaninta, yanzu tsufa ya fara rage masa fitila. Mushe ya san inda ke mata ƙaiƙayi.

Ran Juma'a da la'asar ya yi sallama, ya durƙusa, ya ajiye kwalba ɗaya a gabanta kamar mai ajiye ƙwai.

"Gwaggo, wannan naku ne ku kaɗai. Matar shugaban ƙasarsu ma sai da takardar likita ake sayar mata."

Gwaggo ta juya kwalba. "Me aka rubuta a nan, ɗan nan?"

Ya karɓa, ya ƙanƙance ido, ya gyara murya. "Oto-bironza. Oto, wato otomatik. Bironza, wato haske. Kun ga ranar nan a jiki? Haka za ku haska. Ku shafa ku kwanta kawai, shi zai yi aikinsa."

A duk zancen da ya yi ran nan, wannan na ƙarshen ne kaɗai gaskiya.

Gwaggo ba yarinya ba ce. Ta ce, "Mai maganin ƙwarai shi ke fara lasa. Shafa in gani."

"Ni? Ai ni na saba da shi kamar man gyaɗa."

Ya zaro tasa kwalbar daga aljihu, ya matso cike da tafin hannu, ya laɓta a fuska, faca-faca. Ya bi wuya, ya bi kunnuwa, ya bi hannaye har damtse, yana murzawa yana yi wa Lantana murmushi ta gefen ido. Aka zuba masa ido. Shiru. Ba ƙaiƙayi, ba ƙuraje, sai wani ɗan ƙamshi kamar ana soya gari.

Da aka kira magariba ya ɗauki buta. Amma ina zai yarda ruwan rijiyar Katsina ya wanke masa man Faransa? Sai ya yi alwalar rowa, yana ɗiga ruwa da kan yatsu, ruwan yana gangarowa layi-layi daga goshi zuwa haɓa.

Gwaggo ta ga mutum ya tashi lafiya lau. Ta sunkuci kwalbarta ta shige ɗaki. Ko Lantana ba ta sammawa ba.

Da asuba babu wuta. Mushe ya laluba ya tafi masallaci. Aka idar, aka zauna lazimi har gari ya fara washewa, hasken nan mai laushi ya shigo ta taga. Sai maƙwabcinsa Malam Ilu, wanda suke sahu ɗaya tun suna yara, ya juyo ya miƙo masa hannu.

"Sannu baƙo. Daga wane gari?"

Mushe ya miƙe zumbur. Ya runtuma gida, ya ɗauki madubi.

Innalillahi!

Fuska ta yi baƙi-baƙi, ja-ja, kamar gindin tukunyar da aka fara kankarewa aka fasa. Inda ruwan alwala ya bi kuma ga fararen layuka sun sauko, kamar bangon ƙasa bayan damina. Tafin hannu kuwa jawur, har cikin farce.

Ya sa soso da sabulun salo. Ya sa toka. Ya sa lemon tsami. Ya sa dutsen goge kaushi har sai da ya ga taurari. Abu ya ce ina nan, daga nesa na zo.

Ga Kawu Nomau ya iso tun hantsi, an aiko ana jira. Mushe ya samo rawani ya naɗe kai da fuska, ido kaɗai a waje, ya cusa hannaye a aljihu. Ya bi ta gaban teburin shayi yana sauri.

Sabi'u ya ɗaga ludayi. "Mushe! Faransa ka je ko Agadas?"

Ya ƙara sauri ya wuce.

A zauren su Lantana dattawa sun cika tabarma. Kawu Nomau na tsakiya, tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana bin hanyar Maraɗi zuwa Kwatano, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Ya miƙo hannu. Ba yadda za a yi. Mushe ya zaro nasa.

Kawu ya riƙe hannun, ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Ku a Katsina tun kafin a sa rana ake sa wa ango lalle?"

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Kawu ya ce, "Kwance rawanin nan, yaro. Ba a ba da ɗiya ga ido biyu kaɗai."

Ya kwance. Dattawa suka zuba wa fuskar ido. Amma mai ƙarya ba ya rasa ta cewa.

"Kawu, haka yake farawa. Sai ya fara jawo baƙin da ke ciki ya fito da shi waje, sannan haske ya biyo."

"Baƙin ciki dai ya fito, mun gani," in ji Kawu. Sai ya juya harshe, ya zubo masa Faransanci, rututu, kamar an buɗe famfo.

Mushe ya gyaɗa kai. "Wi. Marsi boku."

Kawu ya dubi dattawa. "Na tambaye shi wane maƙiyi ne ya yi masa wannan aika-aika. Ya ce i, ya gode ƙwarai."

Zaure ya fashe. Kawu ya ce a kawo masa kwalbar. Lantana ta fito da ita daga cikin gida, ta cije bakin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kawu ya sa tabarau ya karanta a hankali.

"Wannan ai man da Turawa ke shafawa ne su yi baƙi."

"Su yi me?"

"Baƙi."

"Da gangan?"

"Da kuɗinsu ma. Can, wanda ya je hutu bakin teku ya gasu a rana, shi ne ɗan gayu. Wanda bai samu zuwa ba sai ya sayi wannan ya shafa, a ce ya je. Man 'yan ƙarya ne ko a can. Ɗan'uwansa ya gani, ya biyo shi gida."

Wani tsoho ya riƙe haɓa. "Oh, duniya! Mu muna saye mu yi fari, su suna saye su yi baƙi. Da an yi musaya a huta."

Kawu ya girgiza kwalbar kusa da kunne, ya matsa. Fus! Iska kawai.

"Af. Wannan ai babu komai a ciki. Kai ka shafe duka?"

"A'a, tawa tana gida. Wannan ta..."

Bai ƙarasa ba. Kowa ya juya ya dubi labulen ƙofar cikin gida. Labule ya motsa. Wani hannu ya leƙo, mai awarwaron da duk unguwa ta sani, amma launinsa na gasasshiyar masara.

Muryar Gwaggo Indo ta fito a sanyaye. "Nomau, yaushe yake fita?"

"Sai fata ta saɓe don kanta, Yaya. Mako guda, ko fiye."

"Gobe ni ce uwar biki a Rafin Daɗi."

Da Mushe mai hankali ne da ya nemi takalmansa. Sai ya matsa kusa da labule, ya durƙusa.

"Gwaggo, a yi haƙuri. To, maganar sa ranar fa?"

"Rana? Ba ga ta nan a jikin kwalba ba? Ai ka riga ka sa mana ita, har ta ƙone mu."

"Amma Gwaggo, kun yi alkawari..."

"Na yi, ban musa ba. Jatau na yi wa alkawarin ɗiya. In ya dawo daga Faransa ku ce ina nemansa. Wannan Dunan kuwa ban san shi ba, a raka shi waje."