Ungozoma Mai Gemu da Jakar Karima

Duk macen da ta sauka lafiya a Birnin Gwari cikin 'yan shekarun nan, ya kamata ta aika wa Malam Labaran Mailafiya goron godiya, ko ta san shi ko ba ta san shi ba. Shi ma haka yake gani, kuma ba ya ɓoyewa. Asalin sana'arsa sayar da maganin feshi ne a bakin kasuwa. Sai aka shirya wata bita a Kaduna kan yadda maza za su tallafa wa mata masu juna biyu, zazzaɓi ya kwantar da mai unguwa, aka tura Labaran ya cike gurbi. Ya tafi yana Labaran, ya dawo yana Dakta. Ya zo da hular hana sallah da riga mai hoton mace da ƙaton ciki, wadda yake ɗorawa kan kaftani har wurin ɗaurin aure. Matan unguwa suka raɗa masa Ungozoma Mai Gemu. Da labari ya kai masa, ya ce ai sarauta ce.

Teburin mai shayi ya zama ajinsa.

"Jama'a, ciki ba wasa ba ne! Mai ciki na bukatar ƙwai da hanta da zogale. Mai shayi, soya min ƙwai in nuna musu irin wanda nake nufi!"

A soya, ya nuna, ya cinye. Ilimi kuwa ya zauna masa daram, don har tumbi ya fara ajiyewa.

Matarsa Karima na ɗauke da cikin fari, irin wanda ko uwar mace kan kau da kai ta yi kamar ba ta gani ba. Amma a bakin Dakta, har mai faci ya san ranar da ƙafarta ta kumbura. Kunya ta hana ta leƙa ƙofar gida sai ranar awo. Ita dai tana shan maganin ƙarin jininta, tana kwana cikin gidan sauro, tana haɗiye takaici da tuwon masara.

Sista Susan, mai yi wa masu ciki awo, ta ce kowace mace ta haɗa kayan haihuwa tun da wuri, ta kuma san abin da zai kai ta asibiti. Karima ta tara nata sannu a hankali: zannuwa, leda, safar hannu, sabulu, auduga da 'yan rigunan jariri. Ta zuba a jaka, ta rataye a ƙusa bayan ƙofa. Dakta ya shafa wa babur ɗinsa jan fenti, ya shelanta cewa daga yau babur ɗin ba shi da aiki sai jiran ranar Karima.

Ranar kasuwar Randagi, ana tsakiyar damina, watan Karima ya tsaya. Da safe ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, yau bayana na ɗan riƙewa."

A bakin mai cikin fari, wannan ihu ne. Amma Dakta ya yi karatu.

"Naƙudar ƙarya ce, mun yi ta a bita. Sha ruwa ki kwanta."

Ya sauke jakar daga ƙusa, domin malami ba ya shiga aji hannu rabbana. Ya ɗaure ta a babur, ya nufi Randagi, inda jahilci ke jiransa.

Can ya hau kan buhun masara, yana zaro kayan ɗaya bayan ɗaya. Har zanen matarsa ya ware a gaban mahauta, dattawa suna ta salati.

"Namijin ƙwarai, jaka a ƙofa, babur da mai, shi kuma ko bayan gari kada ya je! Wanda ya bar matarsa a watan haihuwa, ni ban ɗauke shi namiji ba!"

Bai sauko ba sai da sama ta ɓalle. Rafi ya kawo, waya ba sabis, hanyar daji kuma ba mai bin ta in rana ta yi sanyi. Dole Dakta ya kwana, aka yanka masa zakara, ya karɓi ƙaddara da cinya biyu.

A gida kuwa faya ta fashe tun azahar. Karima ta rarrafa bayan ƙofa, ta tarar da ƙusa tsirara. Tsoro ya kama ta sosai, ta fashe da kuka. Maƙwabciyarta Furera ce ta jiyo kukanta ta katanga, ta fita ba mayafi ta tare keke mai ƙafa uku na Isah mai dakon hatsi. A asibiti mata suka yi karo-karo, wannan zani, waccan sabulu. An sha wuya, jini ya so ya ɓalle, Allah ya taƙaita. Ta samu 'ya mace.

Washegari da hantsi Dakta ya shigo gari, taɓo har gwiwa, jaka a kafaɗa. Babban mutum ba ya fara sauka a gida, sai ya zarce asibiti ya ba masu awo labarin nasararsa. Ya tarar Sista Susan na yi musu bayani a baranda, tana cewa jiya aka kawo wata ko tsinke babu, mijinta ya kwashe kayan da babur ya yi ƙauye.

Dakta ya harzuƙa.

"Wane marar imani ne wannan? A garin da nake? A faɗi sunansa! Wallahi sai na tsayar da shi gaban jama'a!"

Mata suka zuba wa kafaɗarsa ido. Sai tagar ɗakin masu jego ta buɗe, Karima ta leƙo, jaririya a ƙirji cikin zanen aro.

"Sannu da hanya, Malam," in ji ta. "Riƙe jakar, ka fi mu bukatarta. Mu mun gama."