Zanen Jikin Waya

Ba zan taɓa mantawa da ranar kamun ƙanwata Zainab ba, ranar da na kusa mayar da biki zaman makoki da hannuna.

Ni ɗan kasuwar Kwari ne, atamfa da leshi nake sayarwa. Amma tun da na sayi amfilifaya da wufa guda ɗaya, wato babbar sifika mai fitar da dukan kiɗa, na ajiye a ɗakina a Fagge, abokai suka laƙaba mini Injiniya, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Don haka da aka zo maganar ɗauko mai kiɗa, na miƙe a gaban dangi na ce a bar shi, ni zan kawo sauti. Zainab ta dube ni ta ce, "Yaya, ka tabbata? Ƙawayena na makaranta duk za su zo fa." Na ce ta kwantar da hankalinta, har Sabon Gari sai an ji.

Sabon Garin na tafi na sayo wufa ta biyu da waya mai tsawo. Wayar fara ce tagwaye, ɗaya da siririn zane a jikinta, ɗaya babu. Ni da na saba da kaya, na ɗauka ado ne kawai irin na bakin zani (har yabawa na yi a raina, wai masu waya ma sun fara kwalliya). Na haɗa wufofin biyu a jikin amfilifaya ɗaya yadda hannuna ya kai, ban gwada ba, domin a ganina gwaji na masu shakka ne.

Bayan la'asar tsakar gida ya cika da mata. Na jera wufofin gefe da gefe, na gyara hula, na murɗa. Muryar mawaƙi ta fito siririya kamar ta rediyon mai shayi, amma dukan nan da ke ratsa ƙirji babu shi. Na ƙara murɗawa har ƙarshe. Wufa biyu, amma ko rabin abin da guda ɗaya take yi a ɗakina ba su yi ba.

Sai Gwaggo Hajara, yayar babanmu, ta ɗaga murya daga kan tabarma: "Injiniya, a kunna mana mana, mutane na jira."

A kunne yake. Kowa ya san a kunne yake, ban da Gwaggo. Dariya ta ɓarke, wata ƙawar amarya ta zaro 'yar sifika daga jakarta ta ce ko a yi da wannan. Na hango Zainab ta sunkuyar da kai cikin mayafi, na san kuka take shirin yi. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, gumi har cikin takalmi.

Ina tsugune ina jan wayoyi ba tare da sanin abin da nake nema ba, sai Iya Basira ta matso. Maƙwabciyarmu ce, tana sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa, marigayi mijinta kuma mai gyaran rediyo ne. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗana, ɗora hannu ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan waccan."

Na ɗora.

"Me ka ji?"

"Iya, wannan na turowa, waccan na komawa ciki."

"To, faɗa suke yi, kowacce na cinye aikin 'yar'uwarta. Kowace wufa tana da rami ja da baƙi a bayanta, wayar mai zane ta jan ce, ta can da ta nan. Kai ka sa ɗaya a ja, ɗaya a baƙi."

Ta koma wurinta kamar ba ta ce komai ba. Na kashe, na juya wayoyi biyu kacal a bayan wufa ɗaya, na yi bismilla na kunna.

Dukan farko sai da kofunan da ke kan faranti suka yi rawa. Gwaggo Hajara ta dafe ƙirji tana salati, ƙofar langa-langa ta kama kaɗawa, mai 'yar sifika ta mayar da abarta jaka ba wanda ya ce mata. Guɗa ta tashi. Zainab ta fito tsakiyar fili da ƙawayenta, ta waigo ta harare ni tana dariya, ni kuwa na tsaya a bayan kayana na harɗe hannu, ina gyaɗa kai kamar da ma haka na tsara. Har daga layin baya aka aiko a rage, ban taɓa jin ƙorafin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Har yau a danginmu labarin shi ne Injiniya ya gano matsala cikin minti biyu. Ban ƙaryata ba, Iya ma ba ta tona ba, sai dai duk sanda na gaishe ta takan tambaye ni lafiyar wufofi. Abin da na koya shi ne, in za ka cika baki a gaban dangi, ka fara rufe ƙofar ɗaki ka gwada, ka kuma duba ko akwai tsohuwa mai rufin asiri a kusa.