Hanta Ta Yi Laifi, An Hana Ni Tsire

Jiya Juma'a na bi layi tun sassafe a Hayin Banki, don masu girma, Allah ya ƙara musu girma, sun kawo mana gwajin jini kyauta. Rumfuna reras, masu ɗaukar hoto kamar gidan biki, likita ɗaya tal. Da ta duba jinina sai ta ce kitse ya yi yawa a ciki, wai kwalastarol.

Na ce, "Likita, ni direban tifa ne. Kitse daga ina? Nama sai tsiren Rabe ran Juma'a."

Ta ce, "Baba, yawancinsa ba daga kwano yake zuwa ba. Hantarka ce ke haɗa shi, don jiki na buƙatarsa. Ita ce kuma ke kwashe rarar daga jini, ta mai da shi ruwan maɗaciya, ya bi hanji. In ka cika cin maiƙo, kwasar sai ta ragu."

Kun ji ma'aikaciya. Ita ke haɗawa, ita ke kwashewa, ba ta taɓa kafa kwamiti ba, ba ta taɓa cewa oga ya fita ba. Motar kwashe sharar unguwarmu kuwa, ranar da aka ƙaddamar da ita da kalangu, ranar muka yi bankwana.

Na nemi magani, aka ce yana hanya. Kwalayen da aka jibge bayan rumfa, na taɓa ɗaya da ƙafa, saura kaɗan iska ta tafi da shi.

Wautata, na kwashe labari na gaya wa maiɗakina Mero. Ta ce, "Daga yau ba tsire."

Na ce, "Ke, hanta aka ce. Me Rabe ya yi?"

Ta ce, "Malam, ita ke kwashewa, kai ke zubawa. Ga kwaɗon zogale nan."

Da la'asar na zagaya ta bayan masallaci na je wurin Rabe. Ko kallona bai yi ba, yana juya tsinke ya ce, "Yaya, Anti Mero ta aiko. Hayaƙi dai ka shaƙa, wannan ba ta hana ba."

Tunda nake a ƙasar nan, doka ɗaya na ga an kafa da hantsi ta fara aiki kafin magariba, ita ma a kaina ta ƙare. Masu girma, in da gaske kuke neman mai aiwatarwa, ku zo ku ɗauki Mero. Ku tura ta nesa, inda sai bayan Juma'a take dawowa.